Makaranta ta Unguwa Ce: Abin da Birnin Kano Zai Koya daga Makarantun Jeka-ka-dawo na Yahudawa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da gwamnatin Kano ta hana bara a tituna, ta kuma shiga mayar da almajirai garuruwan iyayensu a tsakiyar annobar korona, har zuwa 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, babu wata mas'ala da ta fi yawo a majalisun cikin birni, daga dakalin ƙofar gida zuwa rumfunan Kurmi, kamar mas'alar inda ya kamata yaro ya yi karatu da irin karatun da ya kamata ya yi. Jama'a sun kasu uku. Akwai masu cewa Alƙur'ani ba ya zama a ƙirjin yaro sai ya bar ɗakin uwarsa ya tafi gabas ya sha wuyar tsangaya. Akwai masu cewa a bar boko da safiyarsa, Islamiyya da yammacinta, allo da darensa, kamar yadda aka saba. Akwai kuma masu cewa a tara duka a ƙarƙashin rufi ɗaya, abin da yanzu ake kira makarantar haɗaka.

Ra'ayina, in faɗe shi tun da wuri don kada mai karatu ya wahala wajen nemansa, shi ne makarantar haɗaka ta jeka-ka-dawo, wadda yaro zai tafi da safe ya dawo ya kwana a gaban iyayensa, ita ce mafita, amma bisa sharaɗi guda wanda in ya faɗi komai ya faɗi: ta zama mallakar unguwa, unguwa ke ɗaukar nauyinta, unguwa ke tuhumarta, abin da aka karanta a aji kuma a gan shi yana tafiya a cikin lungu. Hujjar da zan kafa kuwa zan ɗauko ta daga wurin da da yawa daga cikinmu ba za su so a ɗauko ba, wato daga makarantun Yahudawa.

Na san abin da za a fara ce mini. Za a ce, duk duniya ka rasa wanda za ka kawo mana misali da shi sai mutanen da muke kwana muna tashi da baƙin cikin abin da gwamnatin Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa? Wani mai ɗan sanin tarihi ma zai ƙara da cewa Shehu Maghili, wanda ya sauka a wannan birni zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, zuriyarsa kuma suna nan a Sharifai, ya shahara da tsanantawa ga Yahudawan Tuwat. Amsata ita ce, baƙin cikin nan nawa ne ni ma, kuma hukuncin zalunci daban, hukuncin koyon hikima daban. Fatawar Maghili ta shafi wuraren ibada da sharuɗɗan zimma a wani wuri da wani zamani, har ma alƙalin Tuwat na lokacin, Al-Asnuni, ya saɓa masa. Amma game da koyo, litattafan sira da hadisi sun tabbatar mana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit da ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuma karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansa daga waɗansu fursunonin Badar, alhali kuwa mushirikai ne. Idan aka karɓi alƙalami daga hannun wanda ya zo da takobi jiya, wane ne mu da za mu ƙi duban yadda wata al'umma ta tsara ajinta?

Dalilin da ya sa misalinsu ya dace da mu shi ne damuwarsu ta yi kama da tamu ƙwarai. Suna da littafi mai tsarki da harshen da ba shi yara ke magana da shi a gida ba, suna da shari'a mai rassa da sharhi a kan sharhi, suna kuma zaune a duniyar da ba ta ba mutum abinci sai da ilimin zamani. Littafinsu na Talmud ya ruwaito cewa tun ƙarni na farko na Miladiyya wani babban limaminsu, Yoshuwa ɗan Gamla, ya hukunta a sa malaman yara a kowane gari, a kai yaro yana ɗan shekara shida ko bakwai, har daga baya aka iyakance wa malami ɗaya yara 25, in sun kai 40 a ba shi mataimaki. A ƙasashen Turai makarantar ta zama ɗaki ne a gidan malamin, kamar dai zaurenmu, kuma a Jamus da Faransa ta dā, ran da aka fara kai yaro, akan shafa zuma a kan allon da aka rubuta haruffa ya lashe, domin karatu ya fara shiga bakinsa da zaƙi. Da zamani ya juya, sai Samson Raphael Hirsch ya buɗe makaranta a Frankfurt a 1853 wadda ta haɗa Attaura da ilimin duniya. Ƙungiyar Alliance Israélite Universelle ta buɗe makarantarta ta farko a Tetuwan ta ƙasar Maroko a 1862. Wata tela mai suna Sarah Schenirer ta tara 'yan mata a Krakow a 1917 ta fara karantar da su addini, abin da Nana Asma'u ta riga ta yi da jajinta da 'yan tarunta a ƙasar Sakkwato tun ƙarnin da ya gabaci wannan. A Amurka aka kafa ƙungiyar Torah Umesorah a 1944, shekarar da ake tsaka da kashe Yahudawa a Turai, da nufin kada a bar garin da ke da jama'arsu ba tare da makarantar jeka-ka-dawo ba. Ƙidayar da aka yi a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ta sami ɗalibai 292,172 a makarantun jeka-ka-dawo 906 na Yahudawan Amurka.

To, me ake yi a cikin ajin? Galibi ana buɗe yini da addu'ar safe a cikin jam'i, a raba shi biyu, rabi na Attaura da Ibrananci da shari'a, rabi na lissafi da kimiyya da harshen ƙasa. Manyan ɗalibai kan zauna bibbiyu, littafi ɗaya a tsakaninsu, wannan ya karanta, wancan ya kawo ishkali, su yi ta jayayya da murya a sama har ɗakin ya cika da hayaniya, malami yana zagayawa, ba ya tsoma baki sai sun cije. Ƙananan yara kuwa kowane yana jefa ɗan kwabonsa a akwatin sadaka. Ran Juma'a, da yake Asabar ce ranar hutunsu, akan yi musu kwaikwayon liyafar daren, a naɗa yaro ɗaya uba, yarinya ɗaya uwa, a kawo burodi a yi addu'a, sa'an nan a tashe su da wuri, kowane da takarda a jakarsa mai ɗauke da tambayoyi a kan yankin Attaura na wannan mako. Wannan takarda ita ce abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai. An rubuta ta ne domin uba ya zaro ta a kan abinci, a gaban baƙi da kakanni, ya tambayi ɗansa, kuma yankin da yaron ya karanta a aji shi ne wanda za a karanta wa manya a wurin ibada washegari da safe. Da haka uba ya zama mai jarrabawa kowane mako, ko ya so ko ya ƙi, malami kuma ya san cewa in ya yi sakaci ran Talata, asirinsa zai tonu daren Asabar a gidaje ashirin.

Haka sauran al'amuran suke tafiya. Ran da aka ba yaro littafin addu'arsa na farko akan tara iyaye a yi biki. In aka sauke wani babi na Talmud akan yi walima. Lokacin idinsu akan kai ɗalibai gidajen tsofaffi da marasa lafiya da ɗan abin hannu. Akwai kwamitin iyaye da dattawa da ke duba wanda ba ya iya biyan kuɗi a rage masa a asirce, akwai kuma taron shekara da mawadata ke zuwa su cike giɓin. Ashe ƙarfin makarantar daga wajen katangarta yake fitowa.

Yanzu mu dawo gida mu tambayi kanmu, wanne ne baƙo a gare mu a cikin wannan duka? Wanda ya tashi a Madabo, ko Salga, ko Sanka, ko Kabara, ya san makarantar zaure. Ya san malam a kan buzunsa, tawada da alƙaluma a gefensa, yara sun jingina alluna a gwiwa, masu babbaƙu a gaba, masu farfaru a bayansu, wanda ya iya ya je ya wanke, a yi masa sabon rubutu ya biya. Ya san kuɗin Laraba da uwa ke ƙulle wa yaro a bakin riga, da sadakar da ake yi in ya kai wata sura, da ranar sauka, ran da ake zayyana allo a ɗora masa rawani a zaga da shi gidajen dangi. Malamin nan shi ne limamin masallacin lungu, shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke sallar gawa, kuma in yaro ya yi fashi ba a bukatar wasiƙa, domin uban zai haɗu da malam a sahun Magariba. Bayan yara sun tashi, manya su zauna da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ɗan kasuwa da maɗinki da marini, yaro yana gani da idonsa cewa gemu ba ya hana neman ilimi. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, kuma a wancan tsari maganar ba ta tsaya a baki ba.

Haɗa karatun biyu ma ba yau aka fara shi a birnin nan ba. Bayan makarantar bokon da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, wadda jama'a suka yi wa kallon tsoro, Sarki Abdullahi Bayero ya ga an kafa makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, sa'an nan makarantar koyon alƙalanci a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokansa suka kawo tsarin Islamiyya mai aji da allon bango da darasin Larabci da lissafi, maza da mata, suka kuwa sha tsangwama a kansa. Saboda haka wanda ya ce haɗaka bidi'a ce da aka shigo mana da ita jiya, bai karanta tarihin garinsa ba.

To, ina aka samu tsagewar da ƙadangare ya shiga? A ganina wuri biyu ne. Na farko, mun yanka yinin yaron talaka gida uku, muka miƙa wa malamai uku da ba su san juna ba: boko da safe a ajin da ya cika ya batse, Islamiyya bayan Azahar da gajiya da yunwa, allo da dare yana gyangyaɗi. Kowane malami yana tsammanin ɗayan ne ke kula da tarbiyya, uba yana tsammanin duka ukun ne, a ƙarshe ba mai kula. Na biyu, haɗakar da ta bunƙasa a 'yan shekarun nan ta zama haja. Mai hali yana sa ɗansa a mota tun duku-duku a fitar da shi bayan ganuwa, a dawo da shi la'asar sakaliya, ya haddace izu goma bai san sunan maƙwabcinsa ba, uba kuma ba ya taka makarantar sai ranar biyan kuɗi da ranar walima. Unguwa ta rasa 'ya'yan masu faɗa a ji, makarantar lungu ta rasa mai tsaya mata, aka bar malam da kuɗin Laraba da ba ya sayen mudun gero.

Mutanen tsangaya za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi, wace haɗaka ce ta taɓa fitar da gwani ko gangaran, mutumin da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, daga farko har ƙarshe, da wasullansa da ɗigonsa bisa ruwayar Warshu? Na yarda cewa satu da tishe da darasu irin na alarammomi taska ce da ba a samun irinta a wurare da yawa a duniyar Musulmi, kuma asara ce babba a bar ta ta mutu. Amma wannan matsayi fardu kifaya ne, na 'yan kaɗan da Allah ya ba ƙwaƙwalwa da himma, kuma gardi ne ke kai gare shi da zaɓin kansa. Da wace hujja za a ɗauki kolo ɗan shekara shida a raba shi da uwarsa, a miƙa masa roba, a kan zaton watakila zai zama ɗaya daga cikin ɗari? Yahudawa ma suna da makarantun kwana na zurfafa karatu, amma sai yaro ya tasa ake tura shi. A bar tsangaya ta zama makarantar manya masu neman ƙwarewa, a girmama ta, a ciyar da ita. Ƙaramin yaro kuwa ya yi babbaƙunsa a unguwarsu.

'Yan boko kuma za su ce taura biyu ba ta taunuwa, yaron da aka ɗora wa manhaja biyu zai tashi biyu babu. Su ma ba su yi ƙarya ba, kuma misalin da zai ƙarfafa su yana cikin Yahudawan kansu: a watan Satumba na 2022 jaridar New York Times ta fallasa yadda waɗansu makarantun maza na masu tsananin riƙo a Niyok suka yi watsi da Turanci da lissafi, har yaransu suka riƙa faɗuwa jarrabawar gwamnati rututu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sai dai abin da wannan ya nuna shi ne haɗakar suna ba haɗaka ba ce, domin a cikin al'ummar nan guda akwai makarantun da suka ba kowane ɓangare haƙƙinsa suka fitar da likitoci da lauyoyi masu karanta Talmud. Yaronmu ma ai tuni yana tauna taura uku a wurare uku. Tara su wuri ɗaya, da jadawali ɗaya da hutu da abincin rana, sauƙi ne a gare shi. Abin da za a rage shi ne haddar da babu fahimta a cikinta, ta boko da ta addini baki ɗaya, a maye gurbinta da irin muzakarar nan ta bibbiyu, wadda ɗaliban zaure suka sani tun kafin a haife mu.

Hujja ta uku ita ce ta kuɗi, ita ce kuma aka fi faɗa da murmushi: ai Yahudawa masu arziki ne. Ba dukansu ba; akwai unguwanninsu a Amurka da ke cikin mafiya talauci, kuma tsadar kuɗin makaranta kuka ne da iyayensu ke yi kowace shekara. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun ɗauki karatun ɗan maƙwabci a matsayin bashi a wuyan jama'a. Mu kuwa da shari'armu ta ba mu zakka da waƙafi, da Hukumar Zakka da Hubusi a jiha, da attajiran Kantin Kwari da Singa da Kurmi waɗanda kakanninsu suka ciyar da malamai ɗaruruwan shekaru, me ya hana mu? Muna gasar gina masallaci kusa da masallaci, da zuwa Umara kowane azumi, alhali malamin da ke koya wa 'ya'yanmu Fatiha yana bin bashin wata uku. Wanda kuma ya ce a jira gwamnati, ya tuna da makarantun almajirai 157 na zamanin Shugaba Jonathan, waɗanda aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012: an kashe kuɗi, an yi gini, amma da yake ba wata unguwa da ta ɗauke su nata, da yawansu sun koma kufai. An kafa hukumar almajirai ta ƙasa a 2023, muna yi mata fatan alheri, amma hukuma ba ta san yaron da ya kwana da zazzaɓi a Yakasai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai tsoro na huɗu da ban ji ana yawan faɗa ba, ni kuwa shi ya fi damuna, wato kada makarantar jama'a ta zama makarantar ƙungiya. Mun riga mun ga yadda ake raba yara tun suna rarrafe, wannan ta 'yan Ƙadiriyya, wannan ta 'yan Tijjaniyya, waccan ta 'yan Izala, kowane yana tashi da zaton ɗan lungun baya ɓatacce ne. Shi ya sa na ce unguwa, ban ce ɗariƙa ba, domin unguwa tana tara wanda ka zaɓa da wanda ba ka zaɓa ba. A Birmingham ta ƙasar Ingila akwai firamaren Yahudawa mai suna King David wadda ta shahara da yawan 'ya'yan Musulmi a cikinta, iyayensu suka kai su don tarbiyya da tsabtar abinci. Idan wannan ya yiwu tsakanin addini biyu, ashe zai gagara tsakanin masu fuskantar alƙibla ɗaya?

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar dokar majalisa. Mai unguwa da limami da malaman zaure da shugabar Islamiyyar matan aure su zauna su ƙidaya yaran lungunansu, su san wanda ke zuwa da wanda ba ya zuwa. A haɗa makarantar allo da Islamiyya da firamaren da ke kusa a kan jadawali ɗaya, ko da ba a gini ɗaya suke ba, a kuma sa alaramma a cikin masu yanke shawara, kada a mai da shi ɗan rakiya. Attajirin da aka haifa a unguwar ya tsayar da shago ɗaya waƙafi don albashin malamai, a rubuta, a sa shaidu. A iyakance yawan yaran aji gwargwadon iko. Kowace Laraba a ba yaro 'yan tambayoyi ya kai gida, ubansa ko uwarsa ko wansa ya saurare shi kafin Juma'a, wanda bai iya karatu ba ya zauna ya ji, shi ma ya ƙaru. A kai ɗalibai dubiya da ta'aziyya da sharar makwarara kafin damina, domin babin tsarki da babin haƙƙin maƙwabci su sauko daga allo.

Ya kai uba mai karanta wannan, kafin ka zargi gwamnati ko malam ko zamani, tambayi kanka yaushe rabonka da ka ce wa ɗanka ya ɗauko allonsa ya biya maka. Ku kuma dattawan cikin ganuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Ku karɓi makarantun lungunanku ku riƙe da kanku, domin ranar hisabi ku za a fara tambaya game da waɗannan yara kafin a tambayi kowace hukuma. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana, amin.